Yatsa Biyu Tsakanin Jibrilla da Ƙasa

Sunana Sallau. Daga wajen Katsina na zo Gombe, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa garin ba. Da facin keke na fara, da babura suka yi yawa na koma kansu. Ban yi boko ba. Lambar da ke jikin taya ita kaɗai nake karantawa, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

A shekarar da aka ba ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da ake kira kuɗin Udoji, duk akawun da ke garin nan sai da ya sayi babur. Wanda ya iya da wanda bai iya ba. Rumfata tana kusa da tasha, jikin ta Iro mai walda, kuma a watannin nan ni da shi ba mu huta ba. Ni ina miƙe ƙafafun da aka lanƙwasa, shi yana liƙe abin da aka karya.

Cikin waɗanda suka saya akwai Jibrilla, akawu a ofishin gona. Mutum ne mai tsafta da ladabi, ba ya ɗaga murya. Gajere ne. Idan ya tsaya kusa da ni, hularsa a kafaɗata take ƙarewa. Kafin ya saya ya zo shawara, na ce masa ya ɗauki ƙarami. Ya ce to. Washegari sai ga shi da ja, babba, wanda ya fi kowanne tsayi a kantin.

Tuƙi dai ya iya. Tsayawa ce matsalar, don idan yana kan kujera ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Sai ya tsara rayuwarsa a kan wuraren da zai taka. A ƙofar gidansa akwai dakali. A ofis akwai matakalar baranda. A rumfata akwai wani kututturen bishiyar maina da nake zama a kai, shi yake nufa tun daga nesa, ya zo ya ɗora ƙafar hagu. Idan wani na zaune a kan kututturen, sai ya wuce ya kewayo.

Duk ranar da ya zo sai Iro ya ɗage gilashin waldarsa ya ce, "Malam Jibrilla, a kawo tsani ne, ko za ka diro?"

Jibrilla ba ya tanka masa. Murmushi kawai yake yi.

Wata Talata da hantsi ya zo, ya taka kututturen, ya sauka. Iro ya yi maganar tsani, bai ko yi murmushin ba. Ya ja ni gefe.

"Malam Sallau, ana rage wa babur tsayi?"

"Ana sayar da shi a sayi ƙarami."

"Ba zai yiwu ba. Shi ɗin nan nake so ya rage."

Na ce ya faɗi abin da ya faru, don ba na aiki a kan abin da ban san dalilinsa ba. Ya daɗe yana juya makulli a hannu kafin ya fara.

Matarsa Safiyyatu ta tafi wankan gida, haihuwar fari, wurin mahaifinta Alhaji Bappayo a unguwar Dawaki. Na san Alhajin. Dattijo ne mai gonaki da shanu, mai ƙarancin magana, kuma ni nake yi wa kekensa faci tun na zo garin. Kullum bayan la'asar yana zama a kan tabarma ƙarƙashin bishiya a ƙofar gidansa, shi da dattawan unguwa. Wurin a daɓe yake, a share, fili fetal. Ba dakali, ba dutse, ba kututture.

Sati biyu da sayen babur Jibrilla ya ce bari ya je ya gaida surukinsa, ya ga ɗansa. Sai da ya karyo kwana ya hango dattawa a zaune, sannan ya lura babu inda zai taka. Ya rage gudu, babur ya fara tangaɗi, ya ga zai faɗi a gabansu. Sai ya murza totur ya wuce.

"Ka wuce su?"

"Na wuce."

"Ka yi sallama?"

"Na ɗaga hannu."

Na dube shi. A garin nan suruki tun daga nesa ake cire masa takalmi, a durƙusa, ba a ma haɗa ido da shi. Shi kuma hannu ya ɗaga masa, kamar direban lori da ya ga ɗan'uwansa a hanyar Bauchi.

"Sai kuma me?"

"Na kewaya ta bayan masallaci na dawo, ko zan ga wurin takawa. Ban gani ba. Na sake wucewa."

"Sau biyu ke nan."

"Uku. A na ukun, garin riƙe kai, yatsana ya danna oda."

Iro, wanda ashe yana ji, ya ajiye abin waldarsa ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari. Ni ban yi dariya ba. Na san yadda abin ya kasance a idon dattawan. Yaro ya samu kuɗin gwamnati, ya sayi jan babur, ya zo yana zarya a gaban surukinsa yana danna masa oda.

Kunya ta hana shi komawa sai bayan kwana huɗu, a ƙafa. Alhaji bai amsa gaisuwarsa ba. Ta bakin wani maƙwabci ya aiko masa da saƙo cewa a kan babur ya wuce shi a gaban mutane, don haka a kan babur zai zo ya sauka a gaban mutanen nan. In ba haka ba, yarinya da jaririnta suna nan inda suke. Yanzu arba'in ta wuce da kwana tara. An yi wa jaririn kaya, an share ɗaki, ba wanda ya dawo.

Na ce, "Ka je ka faɗa masa gaskiya. Ka ce Baffa, ƙafata ce ba ta kai ƙasa."

"Malam Sallau, a gaban dattawan Dawaki? Tun ranar ɗaurin aure ƙannenta ke kirana autan ango."

"To ai ba ƙarya suka yi ba."

"Ka taimake ni kawai."

Na sa ya hau. Ni da Iro muka riƙe babur ɗin tsaye, na ce ya miƙe ƙafa iya ƙarfinsa. Na durƙusa na zura yatsuna tsakanin kan takalminsa da ƙasa. Yatsa biyu suka shiga, da ɗan sarari kaɗan.

Na ce abu mafi sauƙi shi ne a yage kujerar a rage soson. Aikin awa ɗaya ne. Ya ce a'a, kowa ya san surar kujerar, ana gani za a gane, gari zai ɗauka. Iro ya ce ya sayi takalmin nan mai tudun ƙasa da samari 'yan birni suke yayi, wanda mutum ke tafiya kamar yana kan bulo.

Jibrilla ya ce, "In je gidan Alhaji Bappayo da wannan takalmin?"

"Ai gara oda," in ji ni.

Saura taya. Na karanta masa abin da ke jikin tasa: uku a kan goma sha takwas. Wato kaurin tayar inci uku, faɗin ƙarfen da take kai inci goma sha takwas. Akwai taya marar tudu, biyu da rabi, wadda idan aka sa ta babur yana sauka kamar rabin inci. Idan kuma na sauya ƙarfen ƙafar da na goma sha bakwai, na ɗaure shi a kan cibiyar da ke akwai da gajerun wayoyi, za a ƙara samun wani rabin. Sauran kuma in sassauta shakazoba ta baya, wato ƙarfen da ke shanye jijjiga, zuwa matakin ƙarshe. Duk a haɗe, yatsa biyu za su fita. Kuma sai wanda ya san taya ne zai lura.

Na kuma faɗa masa abin da zai biyo baya, don ba na son a dawo mini da ƙorafi. Cikin injin zai matso ƙasa, idan zai tsallaka kwari ya bi a hankali. Siririyar taya ta fi nutsewa a yashi, kuma garin nan yashi ne. Duk ramin da ya faɗa zai ji shi a bayansa. Agogon gudu zai riƙa nuna masa fiye da abin da yake yi. Kada ya ɗora buhun masara a baya. Ya ce ya ji, ya yarda da duka.

Na lissafa masa abu biyar. Na shida ban tuna ba.

Kwana biyu na yi a kan aikin. Na ɗora injin a kan katako, na cire ƙafafun duka biyu. Ɗaurin wayar ƙafa ba ya son gaggawa. Sai ka ɗaura, ka juya, ka sa alli ka ga inda ya karkace, ka sassauta nan ka matse can, har ƙafar ta riƙa juyawa ba ta rawa. Ranar Alhamis da yamma na sauke shi daga katakon, Jibrilla na tsaye, ya hau nan take. Ya je har bakin tasha ya dawo. Bai nufi kututturen ba. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya sauke ƙafafu, kan yatsun ƙafafunsa duka biyu suka taɓa ƙasa.

Ya zauna a haka yana kallon ƙafafunsa.

Iro ya ce, "Barka da sauka, Malam Jibrilla. Ya ka baro mutanen sama?"

Wannan karon ya yi dariya. Ya gwada tsayawa sau goma a gabanmu, sau goma yana tsayawa. Daga nan ya tafi gida, ya tura babur cikin zaure ya jingina da bango kamar yadda ya saba. Ƙaramin jak na gefe, wanda ake turawa da ƙafa a kafe babur a kai, babu wanda ya taɓa shi a cikinmu.

Mahaifin Jibrilla ya rasu, baffansa kuma yana Kumo. Ya roƙe ni in riga shi zuwa Dawaki ranar Juma'a, in zauna cikin dattawa, ko da za a buƙaci mai sa baki. Na ce ni ba na iya daɗin baki. Ya ce ya sani, zamana kawai yake so.

Bayan la'asar na tafi a kekena. Na tarar da Alhaji Bappayo da mutum biyar a kan tabarmi. Muka gaisa. Ya ce, "Malam Sallau, yau taya ce ta biyo mai ita har gida?" Na ce zumunci ne. Bai ƙara tambaya ba, amma na san ya gane.

Ba a jima ba muka ji ƙarar injin. Hira ta tsaya. Jibrilla ya karyo kwana a hankali, cikin farar riga da hula. Wani dattijo a gefena ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga mai oda nan." Yana kawowa kamar taku ashirin daga tabarmi ya taka birki, ya sauke ƙafafu, babur ya tsaya cak. Ya kashe injin. Ya tura ƙaramin jak da ƙafa, ya sauka, ya cire takalmi ya ajiye.

A nan na ga abin da na manta. An yi jak ɗin ne daidai da tsohon tsayin babur. Na sauke babur yatsa biyu, jak yana nan da tsawonsa. Maimakon babur ya kwanta a kansa ta hagu yadda ya kamata, sai ya tsaya a miƙe sak, nauyinsa bai karkata ko'ina ba. Da a kan yashi ne, da jak ɗin ya nutse ya gyara kansa. Amma ƙofar gidan Alhaji a daɓe take.

Na so in yi magana, amma Jibrilla ya riga ya tako, ya durƙusa a gefen tabarma, kansa a ƙasa, bayansa ga babur.

"Baffa, ina wuni."

Alhaji bai dube shi ba, bishiya yake kallo. Ya ce, "Lafiya."

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

Ina kallon babur. Ya ɗan motsa, kamar mai tunani. Daga nan ya fara tafiya dama, a hankali da farko, sannan gaba ɗaya. Ya faɗi da ƙarar da ta tada kaji a cikin gida. Madubi ya tarwatse. Gilashin fitila ya fashe. Ƙafar gaba ta tsaya a sama tana juyawa, kuma ko a lokacin sai da na lura ba ta rawa.

Dattawa biyu suka yi salati. Na yunƙura zan tashi. Alhaji ya ɗora hannu a kan gwiwata. Na koma na zauna.

Jibrilla bai waiwaya ba. Na ga kafaɗarsa ta girgiza lokacin da ƙarar ta tashi, na ga wuyansa ya fara juyawa, sai ya mayar da shi. Idonsa na kan gefen tabarma.

"Baffa, ya gida?"

"Lafiya."

"Ya jama'a?"

"Jama'a lafiya."

Warin fetur ya iso inda muke. Yana zuba ta murfin tanki, yana yin baƙin tabo a daɓen. Kowa na ji. Alhaji Bappayo, wanda a sanina gaisuwarsa ba ta wuce kalma huɗu, ranar sai ya gyara zama.

"Ya aiki?"

"Mun gode Allah, Baffa."

"Ya tsohuwarka? Ƙafar tata ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Baffa."

"Mutanen Kumo fa, ana jin labarinsu?"

"Suna lafiya."

"An ce ku mutanen ofishin gona kun kawo sabon irin auduga."

"An kawo, Baffa."

"Yaya yake?"

Jibrilla ya yi masa bayanin irin auduga, a durƙushe, fetur na zuba a bayansa. Alhaji ya tambaye shi tazarar shuka. Ya tambaye shi maganin tsutsa. Ya tambaye shi ko ruwan bana zai kai ƙarshen wata. Yaran unguwa sun taru nesa kaɗan suna kallon jan babur a kwance, ba wanda ya isa ya matso. Ni dai a raina ina lissafin ko man injin ya fara shiga inda bai kamata ba.

Da tambayoyin suka ƙare sai Jibrilla ya ce, "Baffa, na yi kuskure. A yafe mini."

Alhaji bai amsa masa kai tsaye ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Malam Sallau, abin nan ya fi tsayi ranar da na fara ganinsa."

Na ce, "Ya fi, Alhaji. Da yatsa biyu."

"Haka na gani." Ya ci gaba da cewa, "Tun zuwan farko na ga ƙafar yaron nan tana laluben ƙasa. Ba makaho ba ne ni. Da ya faɗi a nan ranar, da na sa an ɗaga shi, an kakkaɓe masa riga, an ba shi ruwa. Wa bai taɓa faɗuwa ba? Amma ya ga gara ya wuce ni sau uku da rigarsa ta taɓa ƙasa."

Kunnuwan Jibrilla kawai nake gani, don kansa ya kusa taɓa tabarma.

Alhaji ya ce, har yanzu ba shi yake kallo ba, "Gobe bayan la'asar a turo mata su ɗauki mutanen gidanka. A zo da mota. Jikana ba zai hau wannan ba."

"Na gode, Baffa. Allah ya ƙara girma."

"Tashi ka ɗaga abinka, yana ɓata mini ƙofar gida."

Sai a lokacin Jibrilla ya tashi. Ni da shi muka ɗaga babur. Ya tura jak zai sake kafe shi, na ce ya bari, na riƙe masa. Yana tsince gilashi daga ƙasa ya ce mini a hankali, "Malam Sallau, me ya faru? Ban kafe shi daidai ba ne?"

Na ce, "Ka kafe shi daidai. Ni ne ban rage jak ba. Laifina ne."

Ya dube ni, ya dubi fitilar da ta fashe, ya dubi ƙofar gidan, inda wata tsohuwa ta leƙo da jariri a kafaɗa. Ya zuba gilashin a aljihu ya nufi zaure, ya bar ni riƙe da babur har aka kira magariba.

Ranar Asabar da safe na cire jak ɗin na kai wa Iro. Na auna yatsa biyu na sa alli, ya yanke, ya mayar da tafin ya liƙe. Yana aiki ina ba shi labari. Da na zo wurin irin auduga sai da ya kashe wuta don dariya.

"Wato da ka yi aikinka daidai, Sallau, da ƙila har yanzu matar tana Dawaki."

Na ce, "Ban sani ba. Ni dai jak ya yi tsawo, kuma ba a barin jak da tsawo."

Fitila na sauya wa Jibrilla da hannuna, ban bari ya yi maganar kuɗinta ba. Madubin ne ya ce a bar shi haka. Da yamma motar haya ta ɗauko Safiyyatu da jaririn da kwanukanta, Jibrilla na biye da su a baya a kan babur. Da suka iso ƙofar gidansa bai nufi dakali ba, a tsakiyar hanya ya tsaya.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini babur a rage masa tsayi, abu shida nake lissafa masa, kuma da jak nake farawa.